Dutsen Abaji da Sunan da Na Ba Shi

Kwanana biyu a Abuja Alhaji Kabiru ya karɓi fasfona. Ya ce za a kai shi a yi mini takardar izinin zama, mako guda ya isa. Ya jefa shi a aljihun tebur, ya murɗa makulli, ya ci gaba da wayar da yake yi. Ni kuwa har godiya na yi masa.

Sunana Iliyasu. A Bata aka haife ni, a bakin teku, ƙasar Ikwatoriyal Gini. Fatauci ya kai kakana can tun zamanin Turawa, ya yi aure ya zauna. A gida Hausa muke yi, a makaranta Sifaniyanci. Na karanta ilimin duwatsu, na yi shekara bakwai a ɗakin gwaji na wani kamfanin fasa dutse, inda injiniyoyi ke rubuta rahoto da Turanci, ni kuma in mayar da shi Sifaniyanci don hukuma. Da kamfanin ya naɗe kayansa ya bar ƙasar sai na yi wata tara a zaune, ga mata ga 'ya'ya biyu. Ana nan wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Bata da Kano ya haɗa ni da Alhaji Kabiru, mai kamfanin haƙar ma'adinai, wanda ke neman mai jin harsunan nan biyu, kuma wanda ya san dutse.

A waya an ce mini akwai ɗaki a Gwarinpa, kusa da ofis. Da na sauka sai direba ya wuce Gwarinpa, ya yi ta tafiya har muka bar Zuba, ya ajiye ni a Tungan Maje, bayan shagon siminti na wani abokin Alhaji. Ɗakin ajiya ne aka share rabinsa aka jefa katifa. Damina ce, kwanon yana yoyo a wuri uku. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne baƙon? Famfo yana da kwaɗo, makulli yana hannuna. Ban son shige da fice." Da na gaishe shi yadda muke gaisuwa a gida, mai tsawo, da tambayar iyali da gajiya, sai ya juya wajen masu loda buhu ya ce, "Ku ji wata Hausa kamar ta kakannin kakanni."

Mota biyu nake shiga kowace safiya kafin in isa ofis. Abin da ya fi yi mini ciwo a makon farko bai wuce bakina ba. Na zo da tunanin cewa ko ba komai harshe zai rufa mini asiri, sai ga shi harshen ne ke tona ni. Kalmomin Sifaniyanci sun shige cikin Hausarmu ta Bata har ba mu san baƙi ba ne. Wata rana Alhaji ya tambayi inda na sa wata takarda, na ce, "Tana kan mesa, ranka ya daɗe." A wurinmu tebur ke nan. Ofis ya kaure da dariya. Alhaji ya ɗage ƙafafunsa sama yana ihu, "Ku kawo sanda! Ɗan Panya ya shigo mana da maciji!" Panya ita ce sunan da tsofaffin 'yan ci-rani ke kiran ƙasarmu. Daga ranar ba wanda ya ƙara kirana Iliyasu, sai Ɗan Panya. Har masinja.

Sakatariyar ofishin, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta da fara'a ko kaɗan. Ita ma ta yi dariyar. Amma da aka watse ta matso ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ka daina tsayawa a gadan farko. Ka sauka a na biyu, mota ɗaya zai kai ka." Iyakar alherin da na gani a watan farko ke nan, kuma na riƙe shi.

Aikin kansa ina sonsa. Akwai tarin rahotanni na filayen da kamfanin ke da lasisi a kansu, duk da Turanci, ana so a mayar da su Sifaniyanci don wasu masu zuba jari. Na fara da jera sunayen duwatsu a littafi, Turanci a hagu, Sifaniyanci a dama. Wasu ba su da wuya: granite ya koma granito, marble ya koma mármol, sandstone ya koma arenisca. Wasu kuwa tarko ne. In Bature ya rubuta cewa dutse fresh ne, ba ya nufin sabo ko mai sanyi, yana nufin ruwa da iska ba su ci shi ba, sai ka rubuta roca sana, wato lafiyayyen dutse. Wanda bai taɓa riƙe guduma ba sai ya faɗa ramin. A irin wannan lokaci ne kaɗai nake mancewa da inda nake. Da yamma kuwa, in mota ta kawo mu Zuba na hango Dutsen Zuma da hadari a kansa, sai kewar teku ta kama ni. Garin nan duk dutse ne, ba inda ido zai miƙe ya huta. Nakan kira matata in ce mata komai lafiya, ɗakin yana da kyau.

Mako guda na fasfo ya zama uku, ya zama shida. Duk ranar da na tambaya sai Alhaji ya ce, "Ana kai. Kai dai ba ka da haƙuri." Bizar da na shigo da ita ta wata uku ce.

A mako na goma ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya miƙo mini rahoto mai kauri. Na wani fili ne a yankin Abaji, kan hanyar Lokoja. Ya ce, "Wannan shi ne babban. Akwai Baturen Sifen da zai zo, Ramiro, gidansu sana'ar rufin dutse suke yi. Masaninsu na can ba ya jin Turanci, abin da ka rubuta shi zai karanta. Ka fassara, ka sa hannu, ka rubuta karatunka a ƙasa."

Na buɗe. Tun shafi na uku kalma ɗaya ke ta maimaituwa: shale. A haɗe da rahoton kuma akwai kwafin wasiƙar farko da aka tura wa Ramiro, wadda aka fassara da manhajar waya. Duk inda shale take, manhajar ta rubuta pizarra.

Ga bambancin. Duwatsun nan biyu asalinsu ɗaya, laka ce da ta kwanta falle-falle. Wadda zafi da nauyin ƙasa suka gasa ta yi tauri, ita ce slate da Turanci, pizarra da Sifaniyanci. Ana tsaga ta a yi rufin da zai ga jikoki. Wadda ba ta gasu ba ita ce shale, sunanta lutita. A ido suna kama, amma tsakaninsu kamar jan bulo ne da ɗanyen tubali. Wasu ƙamusoshin suna haɗa su, shi ya sa manhajar ta ruɗe.

Na koma na yi wa Alhaji wannan bayani, ina zaton kuskure ne zai ji daɗi an gano. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Ƙamus ya ce pizarra ko bai ce ba?"

"Wani ya ce, ranka ya daɗe, amma masana..."

"To ka fi ƙamus ne? Na ɗauko ka daga inda ba wanda ya san ka, ka zo kana koya mini dutsen ƙasata? Samfurin da muka aika sun gwada, sun ce ya yi."

"Daga filin aka ɗebo samfurin?"

Ya daina juya makullin. Ya ce, "Fita."

Ranar Asabar na shiga motar Gwagwalada, daga can na kama ta Abaji. Na ce wa kaina wataƙila wanda ya rubuta rahoton Turancin ne ya yi kuskure, sai na gani da idona. Ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin wani ƙauye, na bi taswirar rahoton da ƙafa har na fara ganin turaku masu jan fenti a tsakiyar gonakin doya da rogo. A gefen wani rafi ruwa ya zaizaye gaɓa, ga dutsen a fili, toka-toka, falle-falle. Na sa farce kawai ya ɓare.

Ina tsugune sai na ji murya a kaina. "Kai! Me kake tono?" Maza huɗu ne, biyu da adda, ɗaya da fartanya. Kafin in miƙe an fizge jakata, an zazzage takardun a kan ciyawa. Ɗaya ya ga tambarin kamfanin ya ce, "Su ne. Masu turaku ne." Wani ya cafki wuyan rigata. Na shiga rantse-rantse, Hausata kuwa ta ƙara rikicewa don tsoro, sai suka ce ai ma ba ɗan ƙasa ba ne, an fara ɗauko musu baƙi daga waje. Mari ɗaya na sha, kunnena ya yi ta ƙara har washegari.

Wata dattijuwa da ke wankin rogo a rafin ce ta hauro, ta ce su sake ni ta ji ta bakina. Na nuna mata ɓallin dutsen, na ce ina so ne in san ko yana da ƙarfi. Ta karɓa, ta murtsuke shi da yatsa biyu, ta watsar.

"Wannan? Ko murhu ba ma kafawa da shi. Ruwa ɗaya ya koma taɓo. A kan wannan za ku tashe mu daga gona?"

Na ce ni ba ni da ikon tashin kowa.

"Duk haka kuke cewa. Kwashe takardunka ka tafi, kada su canza shawara."

Na dawo da ɓalli uku a aljihu. Ranar Lahadi da hantsi na jefa ɗaya a kofin ruwa. Kafin la'asar ya zama kamar kunun da ya kwana.

Litinin na kai wa Alhaji fassarar, da lutita a duk inda ya kamata. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe aljihun tebur, ya fito da fasfona, ya buɗe shafin biza, ya juyo da shi ya nuna mini kwanan watan. Ko fita daga ofishin fasfon bai taɓa yi ba.

"Saura kwana goma sha tara," in ji shi. "Bayan nan kai mai laifi ne a ƙasar nan. Waya ɗaya zan buga. Ka san inda ake ajiye irinku kafin a tuna da su? Matarka ma ba za ta san inda za ta nema ba." Ya mayar da fasfon, ya kulle. "Kalma ɗaya ce, Ɗan Panya. Kuma ba ƙarya ka yi ba, tana cikin ƙamus."

Ina so in ce na ƙi. Ban ƙi ba. Na koma kan kwamfuta, na ba ta umarni ta sauya lutita da pizarra a duk rahoton. Ta nuna mini ta sauya wuri arba'in da ɗaya. Na buga, na sa hannu, na rubuta karatuna a ƙasa yadda aka ce. Madam Rifkatu ce ta buga hatimi. Ta dubi sa hannun, ta dube ni.

Ramiro ya iso bayan kwana goma. Dogo ne mai jan fuska, ya girme ni da kaɗan, amma yaro yake kirana da harshensu. Da ya ji Sifaniyancina ya ce, "Kai, ashe kuna iyawa haka a can?" Bai ba ni hannu ba. Ya so a kai shi filin, Alhaji ya ce hanya ba lafiya, ana sace Turawa, ga hotuna ga rahoto, masaninsu ma ya karanta ya amince. Ni ne na fassara wannan duka, kalma bayan kalma.

Ranar sa hannu muka zauna a babban ɗakin ofis, Alhaji da lauyansa a gefe guda, Ramiro a ɗaya gefen, ni a tsakiya. An kawo lemo da ruwa. Ramiro ya zare murfin biro, sai ya tsaya, ya juyo wajena kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu.

"Yaro, kai ka taɓa zuwa wurin?"

Na ce na je.

"Yaya take tsaguwa? A garinmu ƙanƙara ke zama a kan rufi wata uku. Makarantu muke yi wa rufi da dutsen nan."

Na sha tambayar kaina abin da ya faru a wannan lokaci. Ba jarumta ba ce. Abin da na sani shi ne, danna maɓalli daban, buɗe baki a gaban mutum daban. Na ji kaina ina cewa, "Ba pizarra ba ce, lutita ce. Na jiƙa ta a kofi ta narke. Rahoton Turancin gaskiya ya faɗa, ni ne na sauya kalmar."

Ramiro ya mayar da murfin biron a hankali. Alhaji ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya ga fuskar.

"Me ka ce masa?"

Aikina ke nan, don haka na fassara masa, da Hausa, yadda na faɗa, ban rage komai ba.

Kwalbar ruwan da ya jefo ta same ni a kafaɗa. Ya miƙe yana zagin uwata da ubana da ƙasar da ta haife ni, ya ce wa Ramiro da Turanci wai na nemi cin hanci ne aka hana ni, shi ya sa nake ɓata ciniki. Masu gadi biyu suka ja ni har bakin titi, ɗaya ya wurgo mini littafina na sunayen duwatsu a cikin kwata.

Na yi zaton ko Ramiro zai tsaya mini. Washegari na je masaukinsa na jira shi awa uku a bakin ƙofa. Da ya fito da jakarsa na tare shi, na ce fasfona yana hannun Alhaji, ya taimaka ya sa baki. Ya dube ni kamar ya ga ƙuda a miya. "Sa hannun wa ke kan takardar nan? Ka sa na ƙetare teku a kan ƙarya, yanzu kana so in gode maka? Duk ɗaya kuke." Ya shiga mota.

Da na koma Tungan Maje na tarar da jakata a waje, ruwa ya jiƙa ta, an sa sabon kwaɗo a ƙofa. Mai shagon ya ce, "An bugo waya. Ni ban san ka ba." Kwana huɗu na yi a barandar wani masallaci a Zuba, tare da direbobin tirela. Ladan ya bar ni bisa sharaɗin in riƙa share harabar. Na je ofis sau biyu, masu gadi suka ce in na ƙara matsowa za su fasa mini kai. Tikitin komawata yana cikin waya, amma ba fasfo. Matata ta kira, na ce mata aiki ya yi yawa ne shi ya sa muryata ta dushe.

Saura kwana uku biza ta ƙare, da rana tsaka, wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Malam, Rifkatu ne. Ka zo kasuwan Gwarinpa, layin masu tumatur. Kada ka gaishe ni."

Na same ta tana taya kwandon tattasai, tana faɗa da mai kayan kamar ba abin da ya kawo ta sai wannan. Na tsaya a gefe. Ta ajiye wata baƙar leda a kan benci, ta matsa gaba. Na ɗauka. Gyaɗa ce soyayya a ƙulle, a ƙarƙashinta fasfona.

Na bi ta a baya na ce, "Madam, in ya gane fa?"

Ba ta juyo ba. "Shekara goma sha ɗaya ina riƙe makullin teburin nan, shi bai sani ba. Kana tsammani naka ne na farko da ya kwana a ciki? Oga ya tafi Kaduna, sai Litinin. Kafin nan ka ɓace."

"Allah ya saka miki da..."

"Ka bar godiya. Ni ban ji daɗinka ba. Na ga lokacin da ka sa hannu." Ta tsallaka kwata ta shige cikin mutane.

Jirgin jibi na samu. Gyaɗar nan ita na ci har Bata.

Na yi wata biyu kafin in iya gaya wa matata abin da ya faru. Na koma koyar da lissafi a wata makarantar unguwa, na ce na gama da Abuja. Amma a wata na huɗu sai ga saƙo a akwatin imel ɗina daga wani mutum a Meziko. Ya ce an tura masa rahoton wani fili a Abaji mai ɗauke da sa hannuna, yana so in tabbatar masa da ingancin dutsen. Ashe Alhaji bai yar da takardar ba, masu saye kawai yake sauyawa. Na zauna na rubuta wa mutumin gaskiya, har da yadda aka yi na sauya kalmar. Bai amsa ba. Bayan wata biyu wani ya rubuto daga Sifen, sannan wata mata daga Ajantina. Kowanne sai na sake ba da labarin abin kunyata tun daga farko, da sunana a ƙasa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a rahoton sunana kaɗai ke akwai, babu adireshi. Da saƙo na uku ya zo sai na nemo lambar da Madam Rifkatu ta kira ni da ita, na kira. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, ina jin ƙarar injin buga takarda a bayanta.

"Madam, Iliyasu ne, daga Bata. Mutanen nan da ke rubuto mini, a ina suke samun adireshina?"

Na ji ta rufe wata ƙofa.

"Ni nake haɗa ambulan, ba oga ba. Ina sa ƙaramin takarda a shafin ƙarshe."

"In ya kama ki fa, Madam?"

"Wannan damuwana ne. Kai ka rubuta ƙaryan, kai za ka yi ta gogewa. Akwai wani ambulan da zai fita ranar Alhamis, ka duba akwatinka." Ta kashe wayar.